Kwafar Wani Yanki na Layi a Vim: Tambayoyi da Amsoshi

Ina koyar da ajin yamma a wani ɗan shagon kwamfuta da ke gefen titin Bauchi a Jos, kuma kowane rukuni ya zo, wuri guda yake yin tuntuɓe. A Vim, manhajar gyara rubutu da ake sarrafawa da kibod, ɗalibi ya iya `yy` na kwafar layi, ya iya `p` na liƙawa, har ya fara jin kansa. Ranar da aka ce ya ɗauko kalma biyu kacal daga tsakiyar layi, sai ka ga hannunsa ya bar kibod yana lalubar linzami. Tambayoyin da ke ƙasa nasu ne, wasu a aji aka yi su, wasu ta WhatsApp cikin dare. Ga layin da muke gwaji da shi, daga irin lissafin da dillalan dankali ke ajiyewa:

`Farin Gada,dankalin turawa,buhu 12,an biya`

Idan na ce manuni, ina nufin ɗan akwatin nan da ke nuna inda kake a cikin rubutu. Duk umarnin da za ka gani a nan, sai ka danna Esc tukuna, ka fita daga yanayin rubutu.

Malam, `yy` layin gaba ɗaya yake kwashewa. Yaya zan ɗauki rabinsa kawai?

Ka daina kallon `yy` a matsayin abu guda. `y` shi kaɗai ne umarnin kwafa, kuma da ka danna shi sai Vim ya tsaya yana jiranka, kamar mai keke da ka shiga ba ka faɗa masa inda za ka sauka ba. Abin da ka danna bayansa shi ne amsar “har ina?”. Idan ka sake danna `y`, ka ce masa layin duka. Idan ka danna `$`, ka ce daga nan zuwa ƙarshen layi. `y0` daga nan zuwa farkon layi ne, `y^` kuma zuwa harafin farko na ainihi, ya bar filin da ke gabansa.

Duk wani madanni da ke matsar da manuni zai iya zama amsar nan. Wanda ya iya yawo a cikin layi da `w` da `e` da `f` ya riga ya iya kwafa, bai dai sani ba ne. Haka `d` na gogewa da `c` na canzawa suke, abin da ka koya a ɗaya ya wadatar da kai a sauran.

Ɗan bambanci guda da ke rikita mutane: `y$` yana haɗawa da harafin da manuni ke kai, `y0` kuwa ba ya haɗawa da shi. Kuma idan ka yi kwafa ta baya, manunin zai koma farkon abin da ka kwafa. Ba lalacewa ba ce, haka aka gina shi.

Ina so in kwafa zuwa waƙafi kawai.

Wannan shi ne aikin da na fi yi a rana. Ɗora manuni a kan F na Farin Gada. `yt,` zai ba ka `Farin Gada`, ya tsaya dab da waƙafin. `yf,` zai ba ka `Farin Gada,` har da waƙafin. Wato `t` a bakin ƙofa yake tsayawa, `f` kuwa sai ya shiga.

Idan har waƙafi na biyu kake so, saka lamba: `y2t,` zai ɗauko `Farin Gada,dankalin turawa`. Idan kuma dankalin kaɗai kake so, ka fara takawa zuwa wurin: `f,` ya kai ka waƙafin farko, `l` ya matsar da kai harafi ɗaya, sannan `yt,`. Manyan haruffan, `T` da `F`, baya suke nema. Ba waƙafi kaɗai ba, kowace alama tana yi, ko aya, ko fili, ko wani harafi. Sai dai ba sa tsallake layi. In alamar ba ta cikin layin da kake, babu abin da za a kwafa.

Akwai lokacin da alamar ta yi yawa a layi har ƙirga ta ya zama aiki. A nan sai ka yi amfani da bincike: `y/an biya` ka danna Enter, zai kwafa daga inda kake zuwa dab da kalmomin nan.

Mene ne bambancin `yw` da `ye` da `yiw` da `yaw`? Duk kalma ɗaya suke ba ni.

Suna ba ka kalma ɗaya ne saboda kullum a farkon kalma kake tsayawa. Tsaya a kan k na `dankalin` ka sake gwadawa. `yw` zai ba ka `kalin` da filin da ke bayansa. `ye` zai ba ka `kalin` ba fili. `yiw` bai damu da inda kake tsaye ba, `dankalin` zai ba ka cif. `yaw` ma haka, amma da filin.

Ni `yiw` na fi so, domin ba sai na tsaya saita manuni ba. Da safiyar Janairu a Jos, lokacin da yatsu suka ƙage don sanyi, duk umarnin da ya rage maka saiti alheri ne. `yaw` yana da ranarsa idan za ka cusa kalmar a tsakiyar jimla, ba ka so ta manne da maƙwabciyarta.

Na yi `yiw` a kan “ma'aikata”, sai ya ba ni “ma” kawai. Laifina ne?

Ba laifinki ba ne, ƙanwata. Wadda ta kawo wannan tambayar tana gyara rubutun Hausa ne, kuma ita ce ta sa ni ma na zauna na duba. A wurin Vim, kalma ita ce haruffa da lambobi da ɗan layin ƙasa. Alhamzar da muke sakawa a ma'aikata da sana'a da 'ya'ya, shi a matsayin alamar rubutu yake ganinta, kamar waƙafi, don haka sai ya yanke kalmar a nan.

Hanya biyu ce. Mai sauƙin ita ce babban harafi: `yiW`. A wurin babban `W`, kalma ita ce duk abin da ke tsakanin fili da fili, saboda haka ma'aikata za ta fito cikakkiya. Illarsa, in akwai aya ko waƙafi manne da kalmar, da su zai taho. Ta biyu, a gaya wa Vim ya ɗauki alhamza a matsayin harafi: `:setlocal iskeyword+=39`. Lamba 39 ita ce lambar alamar a tsarin ASCII. Wannan ya dace da fayil ɗin rubutun Hausa zalla. Kada a saka shi a fayil ɗin Python ko JavaScript, inda alamar nan take buɗe zance da rufe shi, domin za ta riƙa biyo kalmomi inda ba a gayyace ta ba.

Haruffa masu ƙugiya kuwa, ƙ da ɗ da ɓ, ba su da wannan matsalar muddin Vim yana aiki da UTF-8. `yiw` a kan “ƙarƙashin” zai ɗauko ta duka.

Abin da ke cikin alamar zance ko baka biyu fa?

`yi"` yana kwafar abin da ke tsakanin alamomin zance biyu, `ya"` ya haɗa da alamomin. A layi irin `gari = "Bukuru"`, ko manuni yana can farkon layi, `yi"` zai leƙa gaba ya ɗauko `Bukuru`. Haka `yi(` da `yi[` da `yi{` suke ɗauko abin da ke cikin baka, sai dai ga waɗannan gara ka shiga cikin bakan kafin ka danna, domin tsofaffin Vim ba sa leƙawa gaba. Mai rubuta HTML ya riƙe `yit`, na abin da ke tsakanin tag da tag.

`yi'` ma akwai, amma a rubutun Hausa kada ka yarda da shi. Zai ɗauki alhamzar sana'a a matsayin buɗe zance, ta ma'aikata a matsayin rufewa, ya ba ka shirmen da ke tsakaninsu.

Haruffa biyar kawai nake so.

`y5l`. In ka fi so, `5yl`, duk ɗaya ne.

Ni ban yarda da kwafar da ba na gani ba. Babu yadda zan haska wurin tukuna?

Akwai. Danna `v`, ka matsa da duk madannin da ka ga dama, wurin yana haskawa kana gani, in ya yi maka sai ka danna `y`. Wato `vt,y` daidai yake da `yt,`, illa ka ƙara dannawa ɗaya ka sayi kwanciyar hankali. Idan ka ga farkon bai yi daidai ba, kada ka soke: danna `o`, manuni zai koma ɗaya bakin, ka gyara, ka sake `o` ka dawo. `gv` yana dawo maka da haskawar da ka yi ta ƙarshe.

Akwai gwanayen da ke raina `v`, wai na 'yan koyo ne. Ban yarda da su ba. Idan iyakar abin a fili take, waƙafi ko alamar zance, `y` kai tsaye ya fi sauri. Idan kuwa yankin ba shi da wata alama, kamar rabin adireshin intanet mai tsawo, ni ma `v` nake dannawa, ba na jin kunyar kowa.

Ga wanda ke son ɗaukar yanki guda daga layuka da yawa a jere, kamar lambobin da ke farkon layi goma, Ctrl-v yana haska wurin a murabba'i. Sauka da `j`, faɗaɗa da `l`, sannan `y`. Yana yi ne idan abubuwan sun jeru daidai a tsaye.

Na danna, babu abin da ya faru. Ya kwafa kuwa?

Ya kwafa. Vim ba ya cewa uffan sai layukan da ka kwafa sun haura biyu. In kana shakka, rubuta `:reg 0` ka danna Enter, zai nuna maka abin da ke hannunsa. Saka `set showcmd` a `.vimrc`, fayil ɗinka na saitin Vim, ma yana taimakawa, domin za ka riƙa ganin rabin umarnin da ka danna a ƙasan allo yayin da yake jiran sauran.

Na liƙa, sai ya faɗa wurin da ban so ba.

Ƙaramin `p` bayan manuni yake ajiyewa, babban `P` gabansa. Don haka a ƙarshen layi `$p` ake yi, a farkonsa `0P`.

Vim kuma yana tuna yadda ka kwafi abu. Abin da `yy` ya ɗauko layi ne, sabon layi zai buɗe masa. Abin da `y$` ko `yt,` ya ɗauko yanki ne, cikin layin da kake zai cusa shi. Shi ya sa wanda ke son rubutun layi duka amma ba ya son ya sauka ƙasa yake yin `^y$` maimakon `yy`. In kuma akasin haka kake so, yanki ne amma ka fi son ya zauna a layinsa, `:put 0` zai yi maka.

Idan kana tsakiyar rubutu, ba sai ka fita ba. Danna Ctrl-r sannan `0`, abin zai sauko inda kake, ka ci gaba da rubutunka. Dabarar tana aiki har a layin umarni na ƙasa, da wurin bincike.

Na kwafi abu, na goge wani, da na danna `p` sai wanda na goge ya dawo. Ina nawa ya tafi?

Wannan ta taɓa cin ni, ba sau ɗaya ba. Wata rana ina gyara fayil ɗin saiti a sabar wani da nake yi wa aiki, wato kwamfutarsa da ake shiga daga nesa, na kwafi sabon adireshi da `yi"`, na je wurin tsohon na goge shi da `di"`, na danna `P`, na adana, na rufe, na tafi sallar magariba. Ashe tsohon adireshin na mayar inda yake. Na dawo na shafe kusan awa guda ina zargin netwok, ina zargin sabar, ban zargi yatsuna ba.

Dalilin shi ne Vim yana da wuraren ajiya da yawa, waɗanda a aji muke kira aljihu. Akwai babban aljihu marar suna, wanda `p` ke zarowa daga cikinsa, kuma kwafa da gogewa duk a cikinsa suke zubawa, na baya ya ture na gaba. Amma abin da ka kwafa da `y` yana da wani wurin na daban, aljihu mai lamba 0, wanda gogewa ba ta taɓa shi. Saboda haka `"0p` ko `"0P` shi ne maganin. Da na san shi a ranar, da ban yi asarar awata ba.

Wata hanyar, kada ka goge kwata-kwata: je kan tsohon, haska shi da `vi"`, ka danna `p`, sabon ya hau kansa. In za ka maimaita a wuri na biyu, `"0p` za ka danna, don tsohon da aka ture shi ne yanzu a babban aljihu. Akwai kuma aljihu mai huji, `"_`. Duk abin da ka goge da `"_d` ya tafi ke nan, bai ture komai ba.

Zan iya riƙe abu biyu ko uku a lokaci guda?

Har 26, daga a zuwa z. `"ayt,` ya sa Farin Gada a aljihun a, `"byiw` ya sa wata kalma a b, sannan `"ap` da `"bp` su fito da su. In ka kira aljihun da babban harafi, kamar `"Ayiw`, ƙari zai yi a kan abin da ke ciki, ba zai zubar da shi ba.

Gargaɗi ga masu amfani da kwamfutar haya ko ta aji: Vim yana adana abin da ke aljihunan nan a fayil ɗin `.viminfo` idan ka rufe shi, gobe ka buɗe ka same su. Abu ne mai daɗi, har sai ranar da ka kwafi kalmar sirri. Wanda ya zauna bayanka da asusu ɗaya, `:reg` kawai zai rubuta.

Na kwafa a Vim, na je WhatsApp na danna Ctrl-V, babu komai.

Aljihunan Vim nasa ne shi kaɗai, sauran manhajoji ba sa ganin cikinsu. Wanda ya haɗa shi da kilifbod ɗin kwamfuta shi ne aljihun `+`. Don haka `"+yt,` ko `"+yiw`, ko ka haska da `v` ka danna `"+y`. Abin da ka kwafo daga waje kuma `"+p` ne zai shigo da shi.

In bai yi ba, wataƙila Vim ɗinka ba a haɗa shi da wannan damar ba. Rubuta `vim --version` a taminal, tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka nemi kalmar clipboard. Alamar tarawa a gabanta na nufin akwai, ta ɗebewa na nufin babu. A Ubuntu da Debian, wanda aka saba girkawa ba shi da ita, sai ka girka `vim-gtk3`. Wanda ya gaji da danna `"+` kullum zai iya saka `set clipboard=unnamedplus` a `.vimrc`. Ni ban saka ba, domin daga nan duk harafin da na goge sai ya ture abin da na kwafo daga burauza.

Idan ta SSH, hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, ka shiga wata saba, kilifbod ɗin laftof ɗinka ba ya can. Mafi sauƙi a nan, riƙe Shift ka haska da linzami, ka danna Ctrl-Shift-C na taminal. A wannan wurin dai na yafe wa linzami.

Ba ni da laftof, a waya nake koyo da Termux. Duk wannan zai yi?

Zai yi, kuma ba kai kaɗai ba ne a ajin da ke amfani da Termux, manhajar taminal ta wayar Android. `pkg install vim` ya wadatar. Esc da Ctrl suna jere a saman kibod ɗin Termux. A waya ma umarnin nan sun fi amfani, domin haska rabin layi da babban yatsa azaba ce. Don fitar da abin da ka kwafa zuwa wata manhaja, girka manhajar Termux:API da `pkg install termux-api`, sannan bayan ka yi kwafa ka rubuta `:call system('termux-clipboard-set', @0)`.

A kwamfutar abokina `Y` rabin layi yake kwafa, a tawa layi duka. Wa ke da gaskiya?

Ku duka. A vi na asali, wanda Bill Joy ya rubuta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1976, `D` yana gogewa zuwa ƙarshen layi, `C` yana canzawa zuwa ƙarshen layi, amma `Y` ya fita daban, daidai yake da `yy`. Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holan da ya fitar da Vim a 1991 ya kuma riƙe shi har rasuwarsa a 2023, ya bar shi haka don kada ya saɓa wa vi. Neovim, wanda aka ɓalle daga Vim a 2014, ya mayar da `Y` ya zama `y$` tun fitowar 0.6 a 2021. Abokinka ko Neovim yake amfani da shi, ko ya saka `nnoremap Y y$` a saitinsa. Kai ma kana iya sakawa. Ni dai `y$` nake dannawa, don yana aiki a duk inda na sami kaina.

Na shiga wata tsohuwar saba, `v` da `yiw` sun ƙi aiki.

Ainihin vi ka tarar, ba Vim ba. Haskawa da su `iw` duk ƙarin Vim ne. Abin da ya rage maka: `y$` da `y0` da `yw` da `yt` da `yf`, sai kuma kafa alama. Tsaya a farkon yankin ka danna `ma`, je dab da bayan ƙarshensa, ka danna `y`, sannan karkatacciyar alamar nan da ke ƙarƙashin Esc, sannan `a`. In ka yi kuskure ka danna alhamza a madadinta, layin duka zai kwasa.

A sauran manhajojin gyara rubutu, nano da Emacs fa?

A nano, Alt-A ya kafa alama, ka matsa da kibiyoyi, Alt-6 ya kwafa, Ctrl-U ya liƙa. A Emacs, Ctrl da madannin fili su kafa alama, ka matsa, Alt-w ya kwafa, Ctrl-y ya liƙa. Ka lura da y ɗin nan: kalmar Turancin da aka ciro shi daga gare ta guda ce, amma a Vim kwafa take nufi, a Emacs liƙawa.

Malam, wanne zan fara haddacewa? Sun yi mini yawa.

Uku: `yiw` da `yt` da `y$`, sai ka riƙe `"0p` a gefe. Buɗe fayil, rubuta layin dankalin nan na sama, ka ciro `buhu 12` ba tare da ka taɓa linzami ko kibiya ba. Daga farkon layi, `2f,` ne, sai `l`, sai `yt,`. Idan ya fito, rubuta `vimtutor` a taminal, darasi ne da ke zuwa tare da Vim, bai fi rabin awa ba. Wanda ya gama shi ya zo aji ranar Asabar, za mu shiga `:help text-objects`.